Zanen Ƙusa a Ƙyaure

Motar Yamai ta sauke mu Tawa da la'asar sakaliya,
Jaka a kafaɗata, Liyatu na riƙe da gefen rigata.
Kwana uku na roƙo a wurin aiki,
Kwana uku kacal, kamar mai awon gero da ludayi.

Ƙyauren ɗakin Inna yana nan yadda na bar shi.
Shuɗin fentinsa ya koɗe,
Amma zanen ƙusa bai goge ba.
Aikin Baba Nomau ne, kowace safiyar Kirsimeti:
Kafin sababbin kaya, kafin ƙararrawar majami'a,
Sai ya jera mu ba takalmi,
Ya ɗora allon lekol bisa kanmu, ya ja layi,
Ya ce, "Ba tuwo kaɗai ya yi wannan ba,
Ku gode wa Ubangiji."
Ni kuwa in ɗaga dunduniya a ɓoye,
Damaris ta yi ihu, "Baba, dubi ƙafarsa!"
Baba ya yi kamar kunnensa ya tafi kasuwa,
Ya ba ni rabin yatsa da ban yi ba.
A nan na fara ɗanɗana alheri,
Tun ban san sunansa ba.

Daren bazara tsakar gida ce ɗakinmu.
Baba na karatu da fitilar ƙwai, ƙwari na kewaya ta,
Inna na tsinkar zogale, tana bin sa da leɓe.
Barnaba bai taɓa kai Amin ido biyu ba,
Sai a saɓe shi kamar buhun albasar Galmi.
Hajiya Zuwaira ta aiko mana naman layya,
Mu kai mata shinkafa da zabo ranar haihuwar Almasihu.
Kwano guda ne ke tsallake katanga,
Har aka manta na wane gida ne.

Layin Barnaba ya tsaya daidai ƙuguna.
Shekara bakwai. Zazzaɓin damina.
Kirsimetin da ya biyo, Baba ya zauna da ƙusa a hannu,
Ya kasa tashi.
Inna ta ce, "Tashi ka zana, na gabanka ba su daina girma ba.
Shi kuma yana hannun wanda ya bar kabari fanko,
Can ba a bukatar ƙusa."
Ya tashi. Layin shekarar nan duk a karkace yake.

Yau Baba ma ya bi Barnaba.
Idon Inna ya yi hazo, hannunta ne ke gani.
Ta shafa fuskata, ta ce na rame, ta shafa ta Liyatu ta yi dariya.
Salula ta yi kuka a aljihuna, ta sake, ta sake.
"Wane ne wannan mai kira kamar yana bin ka bashi?"
Na cusa ta cikin ƙwaryar wake, na rufe da faifai.
Muka zauna tsinkar zogale har magariba,
Ta ba ni labarin da na ji sau ɗari,
Na tuntsire a inda nake tuntsirewa tun ina yaro.
Kopton ya yi gishiri. Na cinye, na ƙara.

Da safe Inna ta kwance bakin zanenta,
Ga ƙusar, ta yi tsatsa, ta ɗan lanƙwashe.
Liyatu ta jingina da ƙyaure, ta haɗiye numfashi,
Dunduniyarta na barin ƙasa a hankali.
Na gani sarai.
Na ja layin a sama.

Ya Yesu, kai da ka zauna cin abinci da naka ba gaggawa,
Koya mini zama.
Yamai ba za ta gudu ba,
Zogale kuwa da saura a faifai,
Inna na lalube, tana neman hannuna.